KEKEN ƊINKI A GIDA: ABIN DA KE SA ƊINKI YA KARKACE

Da zarar watan azumi ya raba tsakiya, duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko unguwannin Tawa da Yamai, zai ji ƙarar kekunan ɗinki har dare ya yi nisa. A lokacin nan tela sarki ne. Wanda ya kawo yadi a makare sai ya yi ta lallashi, ya ƙara kuɗi, sa'an nan ya koma gida da alkawarin da ba lalle a cika ba. Alhali kuwa a gidaje da yawa akwai keke a ƙuryar ɗaki, wanda aka saya da kuɗin adashi ko ya zo cikin kayan amarya. An rufe shi da zane, an jera kwanoni bisa kansa, ya zama tebur.

In aka bi labarin irin waɗannan kekuna, sau da yawa iri ɗaya ne. Uwargida ta zauna da murna, ta ɗauko atamfa, ta haɗa baki biyu, ta taka. Da ta ɗaga sai ta ga ɗinkin ya tafi kamar sawun maciji bisa rairayi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Aka yi mata dariya, ita kuma ta ce keken ne ba shi da kyau. Daga ranar nan ba ta sake buɗe shi ba.

Asarar ba ƙarama ba ce. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato wajen metir biyar da rabi, kuma ba kowane wata ake sayensa ba. Shadda ta fi tsanani, domin duk inda allura ta huda ta, in an warware zaren, ramukan suna nan a jere bisa ƙyallinta, guga ba ta cika ɓatar da su ba. Ga kuma kuɗin da ake kai wa tela don aikin da bai wuce layi biyu ko uku ba: kalmasa bakin zane, haɗa zanen gado, labule, rigar matashin kai. Dukan waɗannan miƙaƙƙen ɗinki ne kurum. Wadda ta iya shi ta rage wa gidanta kashe kuɗi, in ta so kuma maƙwabta su kawo mata nasu.

YADDA KEKE KE AIKI

Wani tela Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier ya sami takardar mallakar keken ɗinkinsa a shekarar 1830. Ya buɗe wurin aiki a birnin Paris da kekuna wajen 80, ana ɗinka wa soja tufafi, amma a 1831 teloli masu ɗinkin hannu suka afka wa wurin suka farfasa su, don tsoron kada abincinsu ya ƙare. Kekensa da zare ɗaya yake ɗinki, irin ɗinkin sarƙa da ake gani yau a bakin buhun shinkafa ko na sukari, wanda in an ja bakin zaren sai ya warware duka. Ɗinki mai zare biyu, na sama da na ƙasa, wanda ke sarƙewa a tsakiyar yadi, Elias Howe ne ya yi rajistarsa a Amurka a 1846. Isaac Singer ya biyo baya a 1851, sunansa kuma ya bazu duniya. Baƙaƙen kekunan ƙarfe da suka cika gidajen ƙasar nan, irin su Butterfly na birnin Shanghai a ƙasar Sin, yawancinsu bisa tsarin wani tsohon keken Singer mai lamba 15 aka ƙera su.

Ya kamata mai keke ta ɗaga ƴar ƙafar ƙarfen nan da ke danne yadi, ta juya keken da hannu sannu a hankali, ta duba abin da ke faruwa. Allura tana sauka cikin rami ɗaya, tana fitowa daga rami ɗaya. A irin waɗannan kekuna ba ta da hanyar zuwa dama ko hagu. Idan ta sauka, bakin ƙoshiya da ke ƙasa yakan kama zaren sama ya zagaya da shi bayan ƙwarƙwaro, zare biyu su sarƙe. Idan ta tashi, sai wasu ƙananan haƙora su ɓullo daga cikin farantin ƙarfe, su kama yadin daga ƙasa, su matsa da shi baya taki ɗaya, su nutse. Haƙoran nan su ma hanya ɗaya suka sani, daga gaba zuwa baya.

Wanda ke shakka sai ya cire zare, ya sa fallen takarda ƙarƙashin ƙafar, ya janye hannunsa gaba ɗaya, ya taka. Takardar za ta wuce, ramukan su fito kusan a miƙe, ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Keke mai lafiya shi kaɗai yana ɗinki madaidaici. Karkata daga waje take zuwa: daga yanka, daga ido, daga hannu.

TUN DAGA ALMAKASHI

Mai ɗinki bakin yadi take bi. In bakin a karkace yake, ɗinkin ma haka zai fito, kome gwanintarta. Yadi saƙa ne, da zaren tsaye da zaren kwance, kamar yadda ake gani wurin masaƙa. Gefuna biyu da suka fito daga masaƙa a miƙe suke, ba sa zarewa, su ne abin dogara. Amma inda ɗan kasuwa ya sa almakashi ya yanke, da wuya a same shi daidai, domin cikin gaggawa yake yi, yadin kuma a rataye bisa hannunsa.

Gyaran wannan ba wuya. A ɗan tsaga gefen yadin, a kamo zaren kwance guda ɗaya, a ja shi a hankali har ya fita. Zai bar siririyar hanya daga wannan gefe zuwa wancan, sai a bi ta da almakashi. Yadin auduga mara ado, kamar akoko, ana iya tsaga shi da hannu, zai bi zarensa da kansa. Atamfa tana da tata matsala: wani lokaci zanen da aka buga bisa kanta bai bi zaren sosai ba. A nan gara a bi zanen, domin shi ido ke gani idan an ɗaura.

Yadin auduga yakan tsuke a wankin fari, saboda haka mai hankali takan jiƙa shi, ta shanya, ta goge, kafin ta auna. Guga kafin ɗinki ba ƙawa ba ce. Yadin da ya yamutse, tsawonsa na gaskiya a ɓoye yake. Bayan haka a shimfiɗa shi bisa tebur ko tabarma mai laushi, ba bisa katifa ba, a auna, a ja layi da alli da ƴar sanda miƙaƙƙiya. In babu allin tela, guntun sabulu da ya sirance ya bushe yana yin aikin, wanki ɗaya kuma ya tafi.

Sai haɗa falle biyu. Akwai wani abu da ke ba masu koyo mamaki: an yanka falle biyu tsawo ɗaya, amma da aka kai ƙarshen ɗinki sai na sama ya zarce na ƙasa da yatsa biyu. Dalili shi ne haƙora fallen ƙasa suke ja, ƙafa kuwa tana danne na sama tana ɗan tura shi wajen mai ɗinki. Kowane taki bambancin bai kai a gani ba, amma bisa tsawon metir biyu yakan taru. Maganinsa shi ne a kafe fallayen da fil tun kafin a zauna: a fara da ƙarshe biyu, sa'an nan tsakiya, sa'an nan a cike tsakani, kamar faɗin tafin hannu tsakanin wannan da wancan. A soka su a gicciye, kansu na duban waje, a riƙa zare kowane ɗaya kafin allura ta iso shi. Wadda ba ta da fil sai ta bi da ɗinkin hannu mai manyan taki, ta zare shi daga baya. Manyan teloli ba sa yin wannan, gaskiya ne, amma su yatsunsu sun shekara ashirin suna aikin da fil ke yi.

INDA IDO ZAI TSAYA

A nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Allura tana motsi, tana ƙyalli, tana ƙara, ido kuwa abin da ke motsi yake bi. Amma kallon allura ba ya gaya wa mutum kome, tun da ba ta barin wurinta. Kafin a ga ta huda inda bai kamata ba, aikin gama ya gama. Sai mai ɗinki ta karkato yadin da sauri don ta gyara, ta zarce, ta sake karkatowa, layin ya zama igiyar ruwa.

Manomin da ke huɗa da shanu ya san wannan. In ya sunkuyar da kai yana kallon bakin garma, kunyarsa ba za ta miƙe ba. Itace yakan zaɓa can ƙarshen gona ya kafa masa ido. Mai ɗinki ita ma tana bukatar abin da ba ya motsi, wanda za ta daidaita bakin yadi da shi.

Sababbin kekuna suna da layuka da aka zana bisa farantin da ke ƙarƙashin allura, da lambobi. Tsofaffi da yawa ba su da su, sai mutum ya yi nasa. A sauke allura, a auna daga gare ta zuwa dama santimetir ɗaya da rabi, wanda shi ne rarar da aka saba bari a ɗinkin tufafi, a manna filasta ko salatif mai kauri a wurin, a miƙe, daga gaban keken har bayansa. Tsawon alamar yana da amfani: gajeriya wuri ɗaya kurum take nunawa, doguwa kuwa tana daidaita yadin tun bai iso allura ba. Cikin ƴar gwangwanin kayan da ke zuwa tare da sabon keke akan sami wani ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa da kusa tasa, wanda ake ɗaurewa a wani rami da ke dama da allura, ya zama katanga ga bakin yadi. Mata da yawa suna da shi, ba su san aikinsa ba, yara sun ɗauke shi suna wasa. Don siririn ɗinki kuwa, kamar na kalmasa, gefen ƙafar kanta ya isa abin bi.

Idan alama ta samu, ido ya tsaya bisa bakin yadi, kamar yatsa biyu gaban ƙafa, inda har yanzu akwai damar gyara. Zama ma yana da nasa: a sa kujera yadda allura za ta fuskanci tsakiyar ƙirji. Wadda ta zauna a gefe, a karkace take ganin layin. Haske ya faɗo bisa aikin daga gaba ko daga hagu. Ɗinkin dare da ƴar fitila a bayan mutum, inuwar kansa na bisa yadin, shi ke kawo yawancin aikin warwara na safiya.

Akwai horon da ba ya cin ko dala. A samo tsohon littafin rubutu na ƴan lekol, a yage falle, a cire zaren sama da ƙwarƙwaro, a bi layukan takardar da allura, falle bayan falle. In an gama a ɗaga ta wajen rana, ramukan za su nuna gaskiya. Idan hannu ya fara faɗawa, sai a bar bin layi, a koma bin bakin takardar da alamar da aka manna, domin shi ne ainihin abin da za a yi bisa yadi. Rabin sa'a kowace rana har mako ɗaya yana canza hannu ƙwarai. Takarda tana dakusar da allura, saboda haka a ware tsohuwa don wannan.

HANNU DA ƘAFA

Aikin hannu rakiya ce. A ɗora yatsu bisa yadin a sake, hagu a gefe, dama a gaba, a bar haƙora su ja. Wadda ke jan yadi daga baya don ya yi sauri tana lanƙwasa allura, allurar ta daki faranti ta karye, takin ɗinkin kuma ya fito wani dogo wani gajere. Wadda ke turawa daga gaba tana tara yadi a bakin ƙafa.

Akwai kuma hannun da ba a gani, wato nauyin yadin kansa. Zanen gado ko labule ko babbar riga, in aka bar su suna reto daga bisa tebur, suna jan aikin zuwa hagu, mai ɗinki tana kokawa da su ba ta sani ba. A ajiye kujera ko ƙaramin tebur a hagu da bayan keke don ya ɗauki nauyin, wanda bai shiga ba tukuna a tara shi bisa cinya.

Keken ƙafa yana son a koyi takinsa dabam, babu zare, babu yadi, ƙafar danna yadi a ɗage. Ana fara shi da hannun dama, a juyo ƙarfen juyi zuwa wajen mai ɗinki, sa'an nan ƙafafu su karɓa, ɗaya a ɗan gaba ɗaya a ɗan baya. In ya juya da baya ko sau ɗaya, zare ya cukurkuɗe a ƙoshiya. Abin nema shi ne tafiya ɗaya, a hankali, wadda mutum zai iya tsayar da ita inda ya so. Mai keken hannu hagunta kaɗai ke bisa yadi, don haka ta fi kowa bukatar fil. Mai keken lantarki kuwa ta taka da sauƙi, domin yakan zabura kamar doki.

Farkon layi da ƙarshensa su ne wuraren da aiki ke lalacewa. A jawo zare biyu zuwa baya, kamar santimetir 10, a danne su da yatsa har an yi taki uku, in ba haka ba su shige ƙasa su yi sheƙar tsuntsu. A sauke allura cikin yadi da hannu, a sauke ƙafa, sa'an nan a taka. A koma baya taki uku ko huɗu a farko da ƙarshe don a kulle. Keken da ba shi da komawa baya, sai a jawo zaren sama zuwa ƙasa a ƙulla su da hannu. Duk lokacin da za a tsaya a tsakiya don gyara yadi, a tsaya allura tana ciki. Ita ce ke riƙe wurin. In tana sama, yadin zai goce, a sami ɗan tsalle a layin wanda ba ya ɓoyuwa.

LAYI YA MIƘE AMMA YA TATTARE

Wani lokaci an kiyaye dukan wannan, ɗinkin ya tafi sak, amma yadin ya tattare a gefensa, ko madaukai sun fito a ƙasa. A nan kam sai a duba keken, amma ba a fara da sukurudireba ba.

A fara da allura. Lambar da ke jikin kwalinta kaurinta take nufi: 70 ko 80 don yadi mara nauyi, 90 don atamfa da shadda, 100 ko 110 don kaki da mai kauri irinsa. A wani lissafin kuma su ne 10, 12, 14, 16 da 18. Lamba 90 tana nufin kaurin allurar ya kusa milimetir ɗaya. Allura tana dakushewa tun ba ta karye ba, masu gyaran keke kuwa sukan ba da shawara a canza ta bayan aikin kamar sa'a 8. Wadda ta dakushe takan yi ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, tana jan zaren yadi. Wajen sa ta, a tura ta sama har ta tsaya, dogon kwarin da ke jikinta ya dubi gefen da zare ke shigowa. In an juya ta, keke zai riƙa tsallake taki.

Sai tsawon taki. Milimetir biyu da rabi, wato taki 4 cikin santimetir ɗaya, ya dace da yawancin tufafi. Lambobin da ke jikin tsofaffin kekuna, daga 6 zuwa 30, yawan taki cikin inci ɗaya suke nunawa, saboda haka babbar lamba ƙaramin taki ke nan. A tsaya wajen 10 ko 12. Mai koyo ta guji ƙananan taki, domin warware su azaba ce.

Daga nan sai ƙarfin zare. A sa zare mai launi ɗaya a sama, wani launi a ƙwarƙwaro, a gwada bisa guntun yadin da za a ɗinka, ninki biyu. In zaren ƙasa ya leƙo sama, na sama ya yi tsauri, a sassauta shi kaɗan. In madaukai suka taru a ƙasa, mutane sukan zargi ƙoshiya, alhali kusan kullum zaren sama ne bai shiga wurinsa ba. A ɗaga ƙafa, a zare shi duka, a sake sa shi daga farko. Ɗaga ƙafar wajibi ne, domin shi ke buɗe ƴan faya-fayan nan biyu da ke matse zare. Ƴar kusar da ke jikin ƙoshiya a bar ta sai in babu makawa.

Ƙurar hunturu da gashin yadi suna taruwa tsakanin haƙora har su cushe, su hana su tasowa sosai, yadi ya riƙa zamewa. A kwance farantin lokaci lokaci, a share da tsohon buroshi, a ɗiga man keke a ramukan da aka yi dominsa. Man gujiya ba ya maye gurbinsa ko kaɗan: ranar farko keken zai yi laushi, bayan ƴan watanni man ya daskare kamar ƙaro, ya haɗu da ƙura ya riƙe kome. Wannan magana ta shafi har ma'aikatan da ke raba kekuna ga ƙungiyoyin mata da gidajen koyon sana'a. Ranar rabo akan yi taro, a ɗauki hoto. Amma in ba a haɗa da kwalayen allura, da man keke, da igiyar taki ta canji, da wanda zai zauna da matan makonnin farko ba, kekunan nan kwanoni za su ɗauka.

Idan an gama layi, a goge shi yadda yake, sa'an nan a buɗe rarar a sake gogewa daga ciki. Ƙaramar karkata da yawa takan kwanta a nan. Wadda ta ƙi kwanciya, ba sai an warware layin duka ba: a tsinke zaren ƙasa kowane taki huɗu ko biyar a wurin da ya goce, a ja na sama ya fita, a sake ɗinkawa, sabon ɗinki ya hau bisa tsohon kamar santimetir ɗaya a kowane gefe. Masu yin wannan da reza su yi hattara, bakinta ba ya bambanta zare da yadi.

Aikin fari ya zama rigar matashin kai, daga tsohon zane. Sai zanen gado, sai kalmasar atamfa, sai siket ɗin yarinya. Shaddar salla ta jira tukuna. Kafin nan, guntayen shadda da ke zube ƙarƙashin teburin kowane tela sun isa a gwada hannu bisa santsinta, kuma da wuya tela ya hana wanda ya roƙa.